Palm ɗin Kawu a kan Linux, inda aka kwana

Asabar, 1 ga Nuwamba 2025

Toh bismillah, yau na karɓi aikin. Kawuna mai shagon taki da irin shuka da maganin feshi a Sabon Garin Zariya yana da ƴar kwamfutar aljihun nan Palm Tungsten E2, wadda aka fito da ita a 2005, kuma wallahi duk harkar shagon a cikinta take, lambobin manoma, dillalai, direbobin da ke ɗauko mishi kaya daga Kano, da duk wanda ya ci bashin taki tun farkon damina daga Giwa da Soba da Makarfi da Kudan, har ranar da kowa yai alkawarin biya. Shekara da shekaru yana jona ta da wani tsohon laftop mai Windows 7, ya danna maɓallin HotSync na jikin kebul, komai ya zuba cikin Palm Desktop, manhajar da ke ajiye kwafin bayanan na'urar a kwamfuta. Watan jiya laftop ɗin ya ƙi tashi, mai gyara a PZ ya buɗe yace had dis ne ya mutu, mun jona shi a wata kwamfutar ƙas ƙas kawai yake baya buɗewa. Kenan yanzu kwafi ɗaya tak ya rage, wanda ke aljihun gaban rigar Kawu, ga shi kaka tayi, lokacin da masu bashi ke fara zuwa da masara.

Laftop ɗin da muka samo ɗan Beljiyam ne, RAM 4GB, da Windows 10 a kai. Microsoft sun dena ba Windows 10 tallafi tun 14 ga Oktoba, shi kuma bashi da TPM 2.0, ɗan cip ɗin tsaron da ake buƙata, balle ya hau Windows 11, shi yasa na goge na sa mishi Linux Mint 22. Matsalar ita ce Palm Desktop na Windows da Mac kawai akai, ba'a taɓa yin na Linux ba.

Duk wanda ya ji sai yace a siya mishi Android kawai a huta. Ni ban yarda ba gaskiya. Mutumin nan da ɗan tsinken rubutun nan yake rubuta Graffiti, salon rubutun hannun da Palm ke ganewa, cikin sauri fiye da yadda nake taɓa allon wayata, na'urar bata cin data, bata ƙarar kira, jikoki basa ɗauka suyi gem da ita, caji ɗaya kuma ta kwana biyu tana aiki. Abun da ya saba dashi ne kuma yana mishi aiki, namu shine mu gyara hanyar.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Kafin kebul ya taɓa laftop sai da na nemi hanyar yin kwafin ajiya ba tare da kwamfuta ba. E2 tana da ramin katin SD a sama amma bata karanta SDHC, manyan katunan zamani, sai tsohon kati ƙarami irin na da. Na zaga PZ kowa 16GB 32GB yake miƙo min, ƙarshe wajen wani mai hoto a Tudun Wada na samu 1GB cikin tsohuwar kamera, Allah ya saka mishi ko kuɗi bai karɓa ba. Akwai wata manhaja ta kyauta NVBackup, na sa fayil ɗinta a foldar Palm/Launcher ta cikin katin, na zura a na'urar, ta bayyana, na danna, ta kwashe komai kan katin. Na cire katin na kwafe shi a falash biyu. Sai yanzu na samu barci.

Wani abu da ya taimake mu, E2 na daga cikin Palm ɗin da ke ajiye bayanai a ma'ajiyar da bata gogewa ko batir ya mutu gaba ɗaya. Waɗanda suka gabace ta irin m515 ko Tungsten E ta farko, in batir ya ƙare ƙurmus ya daɗe a haka komai ya tafi. Da irin yadda ake ɗauke mana wuta a unguwar nan da tuni an yi asara.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Na gwada Wine, manhajar da ke buɗe manhajojin Windows a Linux, bai yi ba. Palm Desktop ɗin ya buɗe tsaf, amma HotSync Manager bai ga kebul ba sam, don direban USB na Windows, ƴar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, baya hawa a Wine. Saka Windows cikin VirtualBox, manhajar da ke kunna shi a cikin Linux, kuma da RAM 4GB wahala ce, kuma ban son in bar ma Kawu abun da sai ya kunna kwamfuta biyu a cikin ɗaya. Na bar wannan hanyar.

Hanyar da ƴan Linux suka bi tun zamanin da Palm ke tashe ita ce pilot-link, tarin ƙananan umarni ne da ke magana da na'urar kai tsaye, sai J-Pilot a samanshi wanda Judd Montgomery ya rubuta, shine mai fuska irin ta Palm Desktop, kalanda, adireshi, ayyuka, memo. Na buga apt install jpilot yace bai san wannan ba, sun fita daga rumbun manhajojin Ubuntu da Mint ke ja daga ciki. Sai dai in sauko da asalin rubutun manhajar in haɗa da kaina. pilot-link ɗin 0.12.5 ne, tun 2010. Shi J-Pilot an sabunta shi zuwa 2.0 ya koma GTK3, wannan ya faranta min rai, kaga har yanzu akwai masu kula da abun nan fisabilillahi dukda HP sun saye Palm tun 2010 sunan ma ya ɓace a kasuwa.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Yau na zauna tun bayan azahar. Sai da na sa build-essential da libusb-dev, wannan tsohon libusb ɗin ne 0.1 ba sabon ba, shi pilot-link ya sani, sannan na buga

./configure --enable-conduits --enable-libusb

in baka sa na farkon ba bazaka samu pilot-xfer, umarnin kwasar fayiloli daga Palm, da ƴan uwanshi ba, in baka sa na biyun ba tashar usb: bazata yi aiki ba. make ya ta zubo gargaɗi sikirin ya cika don rubutun ya girmi abun haɗawar sosai, na bi ɗaya bayan ɗaya har ya wuce. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, na ƙarasa a kan batir da hasken waya.

Abun da zai rikita duk wanda ya saba da falash ko waya: in ka jona Palm ka buga lsusb, umarnin da ke jero abun da aka jona ta USB, babu komai. Kamar ba ka jona ba. Na'urar bata bayyana kanta sai lokacin da aka danna HotSync, ta fito na ɗan lokaci, in ba wanda ya amsa mata ta koma ta ɓace. Na danna maɓallin na sake buga lsusb da sauri, sai ga layin, 0830:0061, Palm, Inc. 0830 lambar kamfanin ce, 0061 kuma E2 ce da TX da Treo 650 da wasu ƴan zamaninsu duk suke amfani da ita. Umarnin dmesg ya nuna wani direba mai suna visor ya cafke ta ya buɗe mata tashoshi biyu, ttyUSB0 da ttyUSB1. Shi wannan direban tun na'urar Handspring Visor yake, kamfanin da Jeff Hawkins da Donna Dubinsky da Ed Colligan suka kafa a 1998 bayan sun bar Palm, daga baya a 2003 aka haɗe Handspring da Palm. Direban yana nan cikin Linux har yau.

Amma dai bata haɗu ba. Palm ɗin ya tsaya a kan sikirin ɗin kibiyoyin nan yana jira har ya gaji yace ba'a samu haɗi ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Alhamdulillah ta haɗu!

Abu uku ne suka taru. Na farko izini, ttyUSB na rukunin dialout ne, in sunanka baya ciki an kulle maka ƙofa, sai usermod -aG dialout sannan ka fita ka sake shiga. Na biyu ModemManager, manhajar Linux mai kula da modem, shi da ya ga sabon ttyUSB ya ɗauka modem ne ya fara tura mishi tambayoyi, kafin pilot-xfer ya iso an riga an ɓata layin. Na uku kuma ba manhaja bane sam, bakin cajin ne. Na haska da tocila na ga ƙananan haƙoran tagullan nan na ƙasan na'urar sun yi kore kore, ƙurar taki da zufar aljihu ta shekaru ta daskare a kai, biyu daga gefe ma har sun yi baƙi. Na jiƙa tsohon buroshin haƙori da sipirit na goge a hankali, na bari ya bushe, na goge na kebul ɗin ma. Hunturu ya fara shigowa, inaga wannan gogewar zata zama ta duk wata.

Daga ƙarshe na bar hanyar ttyUSB gaba ɗaya. Na rubuta blacklist visor a wani fayil cikin /etc/modprobe.d don kar direban ya ƙara hawa, na sa dokar udev, mai tsara na'urorin da aka jona, mai lambar 0830 da zata ba rukunin dialout izini, na koma tashar usb: kai tsaye. Daɗinta shine tsarin ya juya yadda mutum zai iya. A ttyUSB sai ka danna maɓalli tukun sannan kai sauri ka buga umarni kafin lokaci ya ƙure, don tashar bata wanzu sai an danna. A usb: kuwa ka buga umarnin ya zauna yana jira, ka danna maɓallin a natse. Ga dattijo wannan bambancin ba ƙarami bane.

pilot-xfer -p usb: -l

Na danna, sai ƴar ƙarar nan ta HotSync ta tashi, sunayen fayiloli suka fara gangarowa. Nan take na bi da -b na kwashe komai cikin folda mai kwanan watan yau. Na kira Kawu nace Kawu barka da dare, an samu hanya. Yace madalla ɗana, Allah yai maka albarka, to bashin mutanen Soba yana nan ko? Nace yana nan Kawu, ko kwabo bai ɓace ba.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Satin nan shago ya cika ban samu na'urar a hannu ba sai yau bayan masallaci. J-Pilot ya haɗu ba gardama da libgtk-3-dev, a Preferences na sa tasha usb:.

Nan ne wajen da ya fi bani tsoro a duk aikin. Kowane Palm yana ɗauke da sunan mai shi da wata lamba, kwamfuta da su take gane na'urar da take magana da ita. Sabon J-Pilot babu kowa a ciki, foldar .jpilot fanko ce, na'urar kuma cike take, dole a tabbata bayanai daga Palm zasu gangaro ba akasin haka ba. Akwai Install User da Restore Handheld a menu, waɗannan na na'urar da aka goge ce, ban je kusa dasu ba. Na bar suna da lambar da ke kan Palm ɗin yadda suke, J-Pilot ya ɗauka daga can, na danna Backup tukun kafin Sync.

Sai maganar rumbunan. Tsofaffin Palm suna ajiya a AddressDB, DatebookDB, MemoDB, ToDoDB. Daga wajen Tungsten E da T3 aka sauya zuwa ContactsDB-PAdd, CalendarDB-PDat, MemosDB-PMem, TasksDB-PTod, kuma J-Pilot yana barinka ka zaɓa tsoho ko sabo a kowane ɗaya. Dole sabo a wajenmu. Tsohon adireshi gurbin lamba biyar ne, sabon bakwai da adireshi uku, Kawu kuma akwai dillalin da ya cika mishi gurabun nan kaf, layinshi biyu, na ɗanshi, na mai shagon kusa dashi, na direbanshi, da sauransu. Tsohon memo baya wuce 4KB, sabon yana kai 32KB, shi kuma memo ɗinshi na bashin Soba doguwar takarda ce tun 2019 yake ƙara mata layi. Na buɗe ta a laftop na ajiye Palm a gefe na bi layi layi har ƙasa, komai ya zo daidai.

Yadda ya tsara abun ma ya burge ni. Palm yana bada rukuni 15 ne kawai ban da Unfiled, shi ya raba su da sunan kasuwa da gari, ya ware ɗaya ya kira shi Amana, na waɗanda suka bar kuɗi a hannunshi kafin kaya su iso.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Haruffa. Na ƙirƙiri wani suna na gwaji a laftop mai ƙ da ɗ da ɓ, na sa alamar ₦ a bayanin, nai Sync in ga me zai faru. A kan Palm basu fito ba, alamar tambaya ce a gurbinsu. Dalili shine Palm OS ba Unicode yake ba, tsarin nan mai ɗaukar haruffan harsunan duniya, jadawalin haruffanshi kusan irin CP1252 ne na Turai ta yamma, harafi ɗaya bait ɗaya, gurbi 256 kacal, akwai é da ñ da £ da ¥ amma babu namu masu lanƙwasa babu naira. J-Pilot yana juyawa tsakanin UTF-8 na Linux da na Palm, a Preferences na zaɓi Latin 1 na CP1252, amma abun da babu shi a can ba yadda za'a juya shi.

Ba wani abun tada hankali bane don Kawu dama k da d da b zalla yake rubutawa, naira kuma N babba gaban lamba. Hatsarin daga ɓangaren laftop ne, yaron shago ɗan makaranta ne yana da kibod ɗin Hausa a kai, in ya rubuta Ɗanladi da lanƙwasa Kawu ya nemi Danladi a Find bazai fito ba, sai ace mutum baya cikin littafi alhali yana nan da bashinshi. Na rubuta da maka a takarda na manna gefen sikirin: cikin J-Pilot ba lanƙwasa, ba ₦. Ni mai son a rubuta Hausa daidai ne a ko ina, amma nan kuɗin mutane ne, daidaito tsakanin na'urorin biyu shine gaba.

Na kunna SyncTime, ɗaya daga ƙananan kari da ke zuwa da J-Pilot, yana saita agogon Palm da na laftop duk Sync. Agogon nata dama ya ja baya da wasu mintuna, Kawu da shi yake tuna lokacin shan maganin hawan jini.

Lahadi, 7 ga Disamba

Jiya na kai laftop shago na wuni can. Na sa alamar J-Pilot babba a tsakiyar sikirin, mataki uku ne, buɗe, danna Sync, danna maɓallin kebul. Kawu ya gyara gilashi yai da hannunshi, ƙarar ta tashi, ya gyaɗa kai yace ai kusan irin na da ne, kalar ce ta canza. Ya ƙara yi ba tare da na ce komai ba.

Dokar da muka tsaida: da rana Palm ne littafi, a nan ake rubuta komai. Laftop na dubawa ne da bugawa a takarda, in za'a gyara abu a can sai bayan Sync ɗin yamma kuma a sake Sync nan take. Don in aka taɓa layi ɗaya a wuri biyu kafin su haɗu, abun da zai biyo baya shine ko a samu biyu ko gyaran ɗaya ya hau kan ɗaya, a lissafin bashi kuwa ko wanne fitina ne.

Muna zaune wani bawan Allah daga wajen Makarfi ya shigo da buhunan masara a a-kori-kura, yace shi a saninshi buhu huɗu na yuriya ya ɗauka, Kawu yace biyar ne Malam. Ba hayaniya, yaron shago ya juyo mishi da laftop ya ƙara girman rubutun, ga ranar farko huɗu, ga wata ranar cikin Yuli ɗaya, da bayanin cewa ƙaninshi ne ya zo ya ɗauka a babur. Mutumin ya riƙe haɓa yace ƙwarai anyi haka, na manta da na Yulin. A ɗan sikirin ɗin Palm mai 320 da 320 da wuya ya iya karantawa da kanshi, da sai dai ya yarda da bakin Kawu. Wannan amfanin ban ma lissafa dashi ba da na fara.

Asabar, 13 ga Disamba

Sati guda suna Sync duk yamma ba tare da ni ba, sau ɗaya kawai yaron ya kira wai ta ƙi, ashe kebul ne bai zauna ba.

Na ƙara abu biyu yau. Ɗan rubutun umarni da ke kwafe foldar .jpilot zuwa falash da kwanan wata duk lokacin da aka jona shi, falash ɗin kuma a gida yake kwana ba a shago ba. Sannan na fitar da adireshi a vCard da CSV, kalanda a iCalendar, memo a rubutu zalla, don waɗannan kowace waya da kowace kwamfuta na karanta su. vCard ɗin na zuba a wayar babban ɗanshi, duk lambobin suka hau.

Dalilin da yasa na matsa a kan fitarwar nan shine 2031. Palm OS yana ƙirga shekara daga 1904 da bit bakwai, 127 ne ƙarshen abun da zasu ɗauka, kenan 31 ga Disamba 2031 kalandar ta tsaya, bazaka iya zaɓar ranar da ta wuce nan ba. Saura shekara shida. Na faɗa ma Kawu, yace in Allah ya kaimu sai mu san abun yi, ni dai yanzu a nemo min batir. Gaskiyarshi, batirin ya fara saurin sauka, da sanyin nan ma ya ƙaru, kuma a ciki yake sai an kwance bayan na'urar. Na ba wani abokina mai kawo kayan waya lambar samfurin ya duba min a Kano, in ba'a samu ba sai oda daga waje. Kebul ɗin ma guda ɗaya ne tal kuma wuyanshi ya fara tsagewa, na naɗe da tef, shi ma ina neman na biyu, duk ranar da aka samu batir zan sake NVBackup a kati tukun kafin a kwance ko sukuru ɗaya.